Masarar da Muka Binne wa Shanun Baba

Aikina a Guangzhou, can ƙasar China, wandon jins ne. 'Yan kasuwar Kano su turo min hoto da lamba, ni kuma in fito daga ɗakin da nake haya a Panyu, in hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, in canja nan in canja can har Xintang, in wuni ina shiga shago ina fita, ina faɗa da masu ɗinki a kan zare da zif. Na ƙware har ta kai idan mutum ya gifta ta gabana, kallo ɗaya nake yi masa in faɗi lambar ƙugunsa a raina, kuma da wuya in kuskure. Ban taɓa zaton akwai shekarar da zan riƙa tsayawa gaban saniya ina ƙoƙarin gane abin da cikinta zai ɗauka ba.

Shanun Baba ne suka ja min. Bakwai ne, farare, a ƙauyenmu da ke gefen Kano, sai tumakin Inna da ke raɓe da su a garke ɗaya. Muna yara fadama ake kai su da rani, amma fadamar yanzu an yanka ta fuloti-fuloti, inda ba a gina ba an zagaye da waya. Kowace shekara kara da harawa sukan ƙare tun zafi bai kai tsakiya ba, shanun su rame har ka ƙirga haƙarƙarinsu daga bakin ƙofa. A ranin da ya gabaci wannan labari ɗaya ta kwanta ta kasa tashi, sai wuƙa aka sa mata.

Damina ta faɗi ke nan, an gama shuka, yayana ya kira ni. Ina tsaye a wani shago da tarin wanduna a kafaɗa.

"Dillali ya zo ya duba shanu," in ji shi. "Baba ya ce rani mai zuwa shi ne gwaji na ƙarshe. In ya ga sun fara ramewa irin ta bana, zai sallama su gaba ɗaya tun da sauran nama a jikinsu."

"Kai kuma me ka ce, Yaya?"

"Me zan ce? Ai gaskiya ya faɗa."

Na yi tsaki na kashe wayar. Ba don Yaya ya yi ƙarya ba, sai don na san Baba. Shi ba mutumin majalisa ba ne, ba ya zaman shayi, ba ya musun siyasa. Da ya fito daga masallaci da asuba garke yake wucewa, ya shafa wannan, ya duba kofaton waccan, ya yi musu faɗa kamar suna jinsa. Ranar da aka ɗora shanun nan a mota, tabarma zai shimfiɗa a zaure ya zauna, kuma na ga abin da zaman zaure ya yi wa sa'o'insa cikin ɗan lokaci. Tsoro ya kama ni sosai.

A unguwar Dengfeng akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ke da ɗan gidan abinci a hawa na biyu, saman wani shagon waya. Ta daɗe a China, tana jin yarensu kamar a nan aka yanke mata cibi, tana kuma tura kaya Ghana. Duk Bahaushen da kewar gida ta dame shi wurinta yake zuwa, saboda ita kaɗai ke dama fura da nonon gaske, ba na gwangwani ba. Ranar Juma'a na je na zauna, aka kawo min fura, na yi ta juya ludayi ban sha ba.

"Ke 'yar Kano, mi ya same ki?" in ji Hajiya. "Fura na ba daɗi ne, ko miji ya yi waya?"

Na ba ta labari. Ta saurara tana goge tebur, sannan ta ce, "Gobe ki tashi da wuri, za ni ɗauko nono. Matan da nake saya wurinsa, shanunsa ba su san rani ba. Ki zo ki gani da idonki."

Hausar Hajiya ba ta raba mace da namiji, don haka har muka isa ban tabbatar ko wurin mace za mu ko wurin namiji ba. Mace ce. Gonar tana can bayan Xintang, inda masana'antu suke ƙarewa gonakin ayaba su fara. Wata gajeriyar mata ce ta fito da takalmin roba har gwiwa da malafa a ka, fuskarta ta sha rana. Hajiya ta gaishe ta da nihau, ta kira ta lauban, wato mai wuri, ni ma na bi bakinta, kuma har yau da wannan sunan nake kiranta. Tana da shanu baƙi-da-fari, manya-manya, kowace hantsarta kamar tulu. A gefe kuma akwai raguna da take ajiye wa 'yan Afirka, don Babbar Sallah ta kusa.

Abin da ya fara tarbata wari ne. Wani tsami-tsami mai ɗan zaƙi, yana fitowa daga wani dogon rami na siminti da aka lulluɓe da leda aka danne da tsofaffin tayoyi. Lauban ta ɗaga bakin ledar ta sa cebur ta ɗebo wani abu ruwan ɗorawa ta zuba wa shanun a kwami, suka kafa kai ba ji ba gani. Na toshe hanci na ja Hajiya gefe.

"Hajiya, ba dai giya suke ba dabbobi ba? Mu kuma mu sha nonon?"

Ta kwashe da dariya har tana dafa bango. "Ke ba ki shan koko? Ba ki shan nono mai tsami? Masara ne, ɗiyata. Masara ne ya kwana."

Da Hajiya a tsakiya tana juya magana, lauban ta bayyana min. Masara ake sarewa tana ɗanya, lokacin da ƙwayar ta fara tauri amma karan yana kore shar. A yayyanka ta ƙanana da inji, kara da ganye da goyo duk a haɗe, a zuba a rami, a tattake har iska ta fita, a rufe ruf. Ta yi tsami a ciki ba tare da ta ruɓe ba, ta jira watanni. Masu boko sailej suke ce mata. Mu daga baya a gida ciyawar rami muka sa mata. Na ɗebi kaɗan a hannu na shinshina a karo na biyu, sai na ji ba wari ba ne, hancina ne bai saba ba.

Da yamma na kira Baba. Na zuba masa bayani kamar ina tallan wando. Ya bari na kai aya.

"Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "masarar da ta yi goyo, ta kusa shiga rumbu, ita zan sare in binne? Mutanen gari su ce tsufa ya taɓa min kai?"

"Baba, da idona na gani."

"Na ji kin gani. To amsa min wannan. In na yarda, ina zan tsaya da sara? In na sare kaɗan, shanu suka cinye ruwa bai sauka ba, na rasa masara na rasa shanu. In na sare da yawa, me uwarki za ta tuƙa? Ki gano min abin da saniya za ta ci a wuni. In kin kawo min wannan kafin masara ta ƙosa, sai mu yi magana."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. A zatona zan koma gonar in tambaya, a ba ni lamba, in turo.

Da na koma na tambayi lauban, sai ta girgiza kai ta ce, "Meyo." Wannan kalmar ko jaririn ɗan kasuwa a Guangzhou ya san ta, babu ke nan. Raina ya soma ɓaci, don a Xintang in mai shago ya ce meyo, yawanci yana nufin ki ƙara matsawa. Na ƙara matsawa. Ta sake cewa meyo, ta yi doguwar magana tana nuna shanun ɗaya bayan ɗaya.

"Ya ce ba lamba ɗaya ba ne," in ji Hajiya. "Waccan ya fi wannan ci, don ya fi shi nono. Wannan kuma ciki gare shi. Kuma in masaran ya yi ruwa da yawa, ko tsamin ya wuce, duk za su rage ci. Ya ce in kina so ki sani, ki zo ki tsaya ki duba."

Haka na shiga zuwa gonar. Duk ranar da na gama da masu ɗinki da wuri, sai in tari mota in ƙarasa can, wani lokaci da Hajiya, wani lokaci ni kaɗai, mu yi ta magana da hannu. Zafin Guangzhou na wannan lokacin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Atamfata takan manne a bayana, takalmina kuwa sai da na haƙura da shi, lauban ta ara min na roba.

Yadda take yi ba wuya, sai dai yana son haƙuri, ni kuma ba a san ni da shi ba. Da daro take aunawa ta zuba. Washegari kafin ta zuba sabo, ta share abin da ya rage a kwamin ta mayar cikin daron ta duba. Abin da aka zuba, a cire abin da aka bari, shi ne abin da aka ci. Wata rana na iso na tarar da kwamin wata saniya an lashe shi tas, na yi murna na ɗaga mata babban yatsa. Sai ta ɓata fuska. Ta ɗebo ƙari ta zuba, saniyar ta sake kafa kai. Sai da Hajiya ta zo na samu fassarar: kwamin da aka lashe ba ya gaya maka komai, sai dai ya ce abincin bai isa ba. Ba ka sanin cikin dabba sai ranar da ta ƙoshi ta bar saura. Nan take na tuna Inna da baƙi. In baƙo ya cinye tuwo ya suɗe kwano, ba ta jin daɗi, ƙari take aikawa, sai kwano ya dawo da ɗan saura take cewa yanzu ya ci.

Damuwata ita ce shanun lauban ba irin na Baba ba ne. Ɗaya a cikinsu ta kusa biyun tamu. In na ɗauki cinsu na aika gida, gonar Baba gaba ɗaya ba za ta isa ba. Sai dabarar 'yan wando ta zo min. A sana'armu in kana da awon ƙaramin wando, kana iya fitar da na babba, ƙari ne kawai a ƙugu da cinya da tsawo. Ragunan layyar nan kuwa kusan irin namu ne. Na ce to, in auna abin da rago yake ci, in ƙiyasta raguna nawa ne nauyin saniyar Baba, in ninka. Na ɗauki kwanaki ina bin wani rago mai baƙin kunne, ina zuba masa ina sharewa, har ya fara gane ni. Na yi lissafina a waya na kai wa lauban ina jin kaina.

Ta duba, Hajiya ta yi mata bayani, sai ta yi dariyar da ban taɓa ji ta yi ba, har malafarta ta zame. Ta kama hannuna ta kai ni kwamin ragon, ta baza abin da ya bari a tafinta. Kara ne zalla. Munafukin ya bi ya tsince ƙwayar masarar da laushin ganyen da siririn bakinsa, ya bar min itace. Ta kai ni na saniya, can kuwa saurar a gauraye take, don ita da harshe take naɗowa, ba ta zaɓe.

"Ya ce rago kansa kawai yake ci wa," in ji Hajiya tana share hawayen dariya. "Saniya kuma yana ci wa kansa, yana ci wa ɗansa, yana ci wa bokiti. Ya ce rago zai gaya miki ko abincin mai kyau ne, don in ya lalace shi ne zai fara ƙi. Amma ba zai gaya miki cikin saniya ba. Ni kuma na ƙara miki nawa: saniya ba wando ba ne."

Na sha mur, amma dariyar ta ci ƙarfina.

Lauban ce da kanta ta nemi in nuna mata shanun Baba. Na sa Yaya ya ɗauko min su a bidiyo, ya zagaya kowace, ya kuma nuna ƙwaryar da Inna ke tatsa a ciki. Ta karɓi wayar ta zauna a kan juyayyen bokiti ta kalla, ta mayar baya ta sake kallo. Ta daɗe a kan tozonsu, ta taɓa shi da yatsa a jikin gilashin, don nata ba su da shi. Da ta ga ƙwaryar nonon ta ɗago ta dube ni, na ga tausayi a idonta, na ji kunya kamar ni na hana su abinci. Sannan ta tashi ta kai ni can ƙarshen garke, inda ta ɗaure wata 'yar jar saniya irin ta ƙasarsu, ƙarama, mai ɗan nono kaɗan, wadda ban taɓa kula da ita ba. Ta dafa bayanta ta nuna wayar. Wannan ce sa'ar na Baba.

A kan 'yar jar nan muka yi awon. Ta ware mata kwami, muka riƙa zubawa muna sharewa har cin nata ya tsaya a wuri ɗaya, daro biyu da ɗan ɗori a wuni, ban da busasshiyar ciyawar da take haɗa mata. Na ninka da shanu bakwai, na ninka da tsawon ranin da Baba ya ce kara ba ya kaiwa, na sa wa tumakin Inna nasu kason. Lauban ta kuma sa muka sare masara a wani ɗan yanki na gonarta muka ga daro nawa ya bayar, don in san yadda zan mayar da lissafin daro ya zama na kunyoyin gona. Ta koya min matsa yankakkiyar masarar a dunƙule: in ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsu, ta yi ɗanya da yawa, a jira, in ta watse da ka buɗe hannu, ta bushe da yawa. Da na nuna mata jimlar ƙarshe, ta karɓi wayar ta ƙara wani abu a kai da yatsanta. Na tambayi na mene ne. Ta ɗaga kafaɗa ta nuna sama.

Abin ya kama rabin gonar Baba da 'yan kunyoyi. Na kira shi na faɗa masa. Ya ce, "Kin tabbata, uwata?" Ban tabbata ba. Na ce masa iyakar abin da na iya ke nan, kuma matar da ta taya ni ba ta da abin da za ta ci a ciki. Ya ce Allah ya sa albarka.

Ranar saran, Yaya ya yi ta turo min bidiyo ina shagon wani mai zif. Shi da ya ce a sayar, shi ne ya haƙa ramin, shi ya nemo hayar injin yanka daga wani gari, shi ne kuma a cikin ramin ya naɗe wando yana tattaki da abokansa har magariba. A bayan hoton ina jin muryoyin masu kallo. Wani maƙwabcinmu mai baki ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, jana'izar masara ake yi ba a sanar da mu ba?" Aka yi dariya. Baba yana tsaye da sanda yana nuna inda za a ƙara dannawa. Inna kuwa ba ta fito ba sam, kuma da na kira ta, gaisuwa kawai muka yi, ta ce tana da aiki.

Sai jira. Aka girbe sauran masarar, aka shiga sanyi aka fita, kara da harawa suka soma ja baya kamar kullum. Ni ina nan ina auna wanduna, amma hankalina yana cikin wani rami a gefen Kano. Ranar da aka buɗe, Baba ne ya kira da kansa, abin da ba ya yi.

"Mun zuba musu," in ji shi. "Sun shinshina sun juya baya."

Na bar kayan mutane a shago na kira Hajiya, ta rufe tukunya ta bar wa masu aikinta, muka tafi gona. Lauban ta sa aka kira Yaya a bidiyo. Ta ce ya kusanto da abin ta ga launinsa, ruwan ɗorawa ne, ba baƙi ba. Ta ce ya shinshina ya faɗi abin da ya ji. Yaya ya ce kamar tsamiyar da aka jiƙa. Hajiya ta rasa yadda za ta ce tsamiya da yaren China, ta yi ta kwatance tana tsuke baki, har lauban ta gane ta gyaɗa kai. Ta ce abincin lafiya lau yake, baƙunta ce kawai. A sa kaɗan a ƙarƙashin dusa da karan da suka sani, a ƙara a hankali, kuma kullum in an ɗiba a mayar da ledar a danne.

Tumakin Inna ne suka fara, masu tsince-tsince, suka gano akwai ƙwaya a ciki. Wata karsana ta ga suna ci ta tura kai ta kore su. Kafin mako ya zagayo Yaya ya ce in an ɗaga ledar sai garken ya ɗauki kuka. Na shiga bayan wani shago na yi hamdala ina hawaye.

Amma lissafina ya zo da gardama ta inda ban zata ba. Na auna cin saniya mai ɗan nono kaɗan, don a haka na san shanun Baba. Da suka samu abinci sai nono ya dawo, Inna ta ajiye ƙaramar ƙwarya ta ɗauko babba, ta ma fara yi min doguwar hira a waya. Nonon da ya ƙaru kuwa ci ya ƙara musu. Masu tatsa suka wuce awon 'yar ja, suna lashe kwami suna neman ƙari. Ramin ya riƙa ja baya da saurin da ya fi nawa lissafin. Har ɗorin da lauban ta yi da yatsanta ya shige ciki, sama kuwa fes, ko gizagizai babu. Dillalin ya sake biyowa ta ƙofar gida, wai gaisuwa ya zo.

Na rasa abin da zan ce wa Baba, sai na ce ya yafe min, awona bai kai ba. Ya ce, "Ke kin yi naki. Saura nawa." Shi ya san shanunsa ɗaya-ɗaya, abin da ni da lauban ba mu sani ba. Ya ware masu shayarwa ya bar musu cikakken kaso. Waɗanda ba a tatsa ya rage musu rabi ya cike da ragowar kara. Tumakin Inna ya mayar da su kan dusa da ɓawon wake, Inna ta yi mita ta haƙura. Kullum da safe da kansa yake share kwami ya duba saura, ya ƙara wa wannan ya rage wa waccan. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, kuma ko da ya sauka sai da aka jira ciyawa ta tsiro ta kai a kama da baki. Yaya ya ce a kwanakin ƙarshe da hannu suke kankare gindin ramin. Amma babu wadda ta kwanta. Bakwai suka shiga rani, bakwai suka fita da ƙafafunsu, har da ɗan maraƙi a bayansu.

Na yi wa mutane da yawa godiya a rayuwata, wasu don ladabi kawai. Wannan kuwa daga cikina take. Hajiya ta rufe kasuwarta ta bi ni gona ba sau ɗaya ba, ta ara min bakinta, ba ta taɓa nuna ta gaji ba sai dai ta yi min tsiya. Lauban ba ta san Kano ba, ba ta san Baba ba, addininmu ba ɗaya ba, ko sunan juna ba mu iya faɗa daidai, amma ta zauna a kan bokiti ta damu da shanun wani tsoho kamar nata. Na kai mata turmin atamfa da dabino, na ce shiyeshiye, godiyarsu ke nan, har bakina ya gaji, ita kuwa ta karɓa ta ajiye a kan taga ta miƙo min cebur, don lokacin ba shanu abinci ya yi. Yaya kuma na kira shi na ce ya yi haƙuri da bakina, ya ce ai ya saba tun ina goye.

Baba bai taɓa cewa ya fasa sayarwa ba, ni kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Damina ta yi nisa, wata rana muna gaisawa a waya, har zan yi sallama sai ya ce, "Uwata, in za ki turo kaya, a can ana samun igiya?"

"Wace iri, Baba?"

"Ta ɗaure shanu. Tawa duk ta tsinke, ƙulli ne a kan ƙulli. Na so in saya tun bara, na ce me zan yi da sabuwar igiya. Ki samo min mai ƙwari, wadda za ta yi shekaru. Ki haɗa da ƙarama ta maraƙi."

Washegari na shiga kasuwar kayan gini na samu wani shago da igiyoyi naɗe har rufi. Na zaɓi mai kauri, na ja ta da hannu biyu na ji ba ta ba da kai, na ce a auno min. Mai shagon yana aunawa yana naɗewa a gwiwar hannunsa, ni kuwa kawai sai na ji hawaye yana zubo min, na kasa tsayar da shi. Bawan Allah ya dube ni ya rikice, ya zaci tsada ce ta sa ni kuka, ya jawo kalkuleta yana ta dannawa yana nuna min ya rage. Na girgiza kai, na nuna masa da hannu ya ƙara tsawo.